Darasin Yau: Ɗorawa da Laikin

Assalamu alaikum jama'a, barkanmu da war haka. Yau abu biyu za mu jera, ɗorawa da kuma laikin, wato ɓawon nan fari-fari ko ruwan toka da kuke gani manne a jikin dutse ko bayan bishiya, in kun taɓa hawa Dutsen Kufena da ke Zariya to kun taka shi ba adadi.

To mu fara da dangi. Ɗorawa tsiro ce mai fure, danginta ɗaya da wake da gyaɗa, masana na kiranta Parkia biglobosa. Tana da saiwa da ganye, da rani ta fidda furen nan ja mai kamar ƙwallo yana lilo, jemagu su zo da dare suna shan zaƙinsa suna yi mata barbara, daga nan sai 'ya'ya, sai kalwa, sai daddawar miyarmu.

Shi kuwa laikin ba tsiro ba ne sam, kar ɗalibi ya rubuta min haka a jarabawa. Halittu biyu ne suka haɗa kai, naman gwari irin dangin funfuna da kuma gansakuka ƙanana. Gansakukar ce ke haɗa abinci da hasken rana, shi kuma gwarin ya lulluɓe ta ya riƙe mata danshi, kuma da sunansa ake rajistar su. Wani masani ɗan Siwizalan, Simon Schwendener, shi ya fara faɗin haka a 1867, da farko ma ba a yarda da shi ba.

Wurin zama fa? Ɗorawa sai da ƙasa mai zurfi, gona ko saura. Laikin ba shi da saiwa, daga ruwan sama da raɓa yake sha, da rani ya bushe ƙayau kamar ya mutu, ruwan farko na sauka ya farfaɗo.

Maganar kiyayewa ita ce ta fi damuna. Ɗorawa gatari ne matsalarta, masu itace da gawayi, amma dai ana iya shuka kalwa a rene ta. Laikin ba ya da iri da za ka saya a kasuwa, wasu nau'insa ko milimita ɗaya ba sa ƙarawa a shekara, in masu fasa dutse suka kwashe wurin shi ke nan. Hayaƙi ma na kashe shi, musamman mai sinadarin salfa.

Aikin gida, ku duba jikin itatuwan bakin titi wajen Kwangila a Zariya, sannan ku duba na cikin gonakin bayan Samaru, ku ƙirga wanne ya fi laikin. Hoto kawai za ku ɗauka don Allah, ban da kankarewa.