Sharhi: Cunkoson Naman Mama da Hannu Ba Ya Ganewa

Jama'a masu sauraro, barkanmu da wannan lokaci.

Idan likita ya ce maman mace yana da cunkoso, ba girmansa yake nufi ba, ba kuma taurinsa a hannu ba. Abu ne da sai hoton mamogiram, wato hoton cikin mama da ake ɗauka da na'ura a asibiti, ke nunawa. Mama dai kitse ne haɗe da jijiyoyi da hanyoyin da ke samar da ruwan nono. In waɗannan suka rinjayi kitsen, shi ne cunkoso, kuma kusan rabin matan da suka haura shekara 40 haka nasu yake. Ba ciwo ba ne, amma yana ƙara haɗarin sankarar mama.

Gado na da hannu sosai a ciki, amma masu hura wutar su ne sinadaran homon guda biyu, estirojin da firojestaron. Su ke umartar ƙwayoyin mama su yi ta rarrabuwa, kuma duk inda rarrabuwa ta yi yawa, nan kuskuren da ke haifar da sankara ke samun ƙofa. Shi ya sa yarinyar da ta fara al'ada kafin shekara 12, ko matar da al'adarta ba ta ɗauke ba sai bayan 55, haɗarinta ke ɗan ɗarawa: jikinta ya daɗe yana wanka da estirojin. Shayarwa kuwa tana rage haɗarin.

A 2002, wani babban bincike a Amurka ya dakatar da gwajin maganin da ke haɗa homon biyun nan ga matan da al'ada ta ɗauke musu, bayan da aka ga sankarar mama tana ƙaruwa a cikinsu. Maganin yana ƙara cunkoso. Maganin Tamoksifen kuma, da ke toshe wa estirojin hanya, rage shi yake yi.

Inda gizo ke saƙa shi ne wajen ɗaukar hoto. Kitse baƙi yake fitowa, naman cunkoso fari, ƙarin sankara ma fari. Neman sa kamar neman farin zare ne a tarin auduga. Ga haɗari ya ƙaru, ga ciwon ya samu mafaka.

Kada mai ƙiba ta ce ta tsira don kitse ya yi mata yawa. Bayan ɗaukewar al'ada, kitsen kansa ke sarrafa estirojin.

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce a 2022 mata miliyan 2.3 aka gano suna ɗauke da wannan sankara. A ganina, bai dace a sallami mace da kalmar "lafiya lau" kawai ba. Tun Satumban 2024 doka ta tilasta wa cibiyoyin ɗaukar hoto a Amurka su faɗa wa mace matsayin cunkoson mamanta. Inda babu irin wannan doka, sai ita ta buɗe baki ta tambaya: wane aji nake a cikin azuzuwa huɗu na cunkoso, kuma ko ina buƙatar ƙarin gwajin sikanin ko na MRI, wato hoton na'urar maganaɗisu?