Daren kwanan zaune a manyan birane: da me ake auna shi?

Jama'a masu sauraro, barkanmu da wannan lokaci.

Sau ɗaya a shekara, wasu manyan biranen duniya kan ƙi yin barci da gangan. A bar ƙofofin gidajen adana kayan tarihi da ɗakunan karatu da tsofaffin masana'antu a buɗe, a haska dogayen gine-gine da fitilu masu launi, makaɗa da masu zane su baje fasaharsu a kan titi, iyaye su fito da 'ya'yansu ana ta yawon kallo. Birnin Paris ne ya fito da sunan wannan biki da ake kira Nuit Blanche, a watan Oktoban 2002, zamanin magajin gari Bertrand Delanoë. Wanda ya tsara shi, Jean Blaise, ya riga ya gwada irinsa a birnin Nantes tun 1990. Berlin kuwa tun 1997 take da nata daren, inda tikiti guda ke shigar da mutum gidajen tarihi masu yawa har ƙarfe biyun dare. Toronto ta ƙasar Kanada ta bi sahu a 2006, daga bakwai na yamma zuwa bakwai na safe, kuma akwai shekarun da aka ƙiyasta mahalarta sun haura miliyan ɗaya.

A cikin waɗannan shekaru kuma, wata sana'a ta yi ta bunƙasa a unguwannin da ake irin wannan biki, wato ƙananan gidajen da ke dafa giyarsu da kansu, su sayar a nan inda suka dafa. Tarihinta ba mai tsawo ba ne. A ƙarshen shekarun 1970 kamfanonin giya da suka rage a duk faɗin Amurka ba su kai ɗari ba, manya sun haɗiye ƙanana. A 1978 shugaba Jimmy Carter ya sa hannu a dokar da ta halatta wa mutum ya dafa giya a gidansa don amfanin kansa, kuma daga cikin waɗanda suka koyi aikin a ɗakin girki ne aka samu da yawa daga masu kafa ƙananan kamfanoni. A 'yan shekarun nan adadinsu ya wuce dubu tara. A Birtaniya ma, tun da gwamnati ta rage wa ƙananan masu dafawa rabin haraji a 2002, sana'ar ta yaɗu kamar wutar daji.

Wanda ya leƙa irin wannan gida zai ga manyan tukwanen ƙarfe masu sheƙi a bayan gilashi, sun fi mutum tsawo, bututu na fita daga wannan ya shiga wancan. Ana tsirar da sha'ir a busar, a ɓarza shi, a jiƙa da ruwan zafi har zaƙinsa ya fita, a tafasa ruwan da furen wani tsiro mai ɗaci da ake kira hop, sannan a zuba yis a rufe tsawon makonni. A jikin bango akwai allo, an rubuta da alli sunan kowace giya da ƙarfinta. Irin wannan aiki yana buƙatar rufi mai tsawo, da daɓe mai ƙarfi, da magudanar ruwa, da haya mai sauƙi. Shi ya sa suke komawa tsofaffin rumbunan ajiya da masana'antun da aka rufe. Su ma masu shirya bikin dare irin waɗannan wurare suke nema, domin a nan ne ake da fili. To a nan hanyoyin biyu suka haɗu.

Ba zan tauye wa masu wannan sana'a haƙƙinsu ba. Layin da a da mutum ke tsoron bi bayan magariba, yanzu da fitila da masu wucewa. Matasa sun samu aiki, masu sayar da abinci sun samu ciniki. Amma damuwata ita ce yadda hukumomin birane suka fara ɗaukar cewa raya dare da sayar da barasa abu ɗaya ne, har idan aka tashi lissafin nasarar biki, abin da aka kashe a mashaya da otal shi ke kan gaba.

Barasa dai barasa ce, ko a ƙaramar tukunya aka dafa ta ko a babba. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce a shekarar 2019 kaɗai mutum miliyan 2.6 ne suka mutu ta dalilinta, kuma a farkon 2023 ta fito fili ta ce babu wani mizanin sha da za a kira marar haɗari ga lafiya. Giyar manyan kamfanoni kan tsaya a kashi 4 zuwa 5 cikin ɗari na barasa, amma da yawa daga ta ƙananan gidaje kan kai 6 ko 7, wasu ma su haura 8. Kyawun kwalba da labarin mai dafawa ba sa rage wannan ƙarfi ko kaɗan. Shi kansa taken da ƙananan gidajen ke tinƙaho da shi na "namu ne, na unguwa" ba koyaushe yake ɗorewa ba. Kamfanin Goose Island na birnin Chicago, katafaren kamfanin Anheuser-Busch ya saye shi a 2011. Anchor na San Francisco, wanda ake ɗauka uba a wannan sana'a, kamfanin Sapporo na Japan ya saye shi a 2017, ya rufe shi a 2023. Kuma idan unguwa ta yi suna, haya kan tashi, masu zanen da suka fara raya ta su ne farkon tattara komatsansu.

Duk wanda ya san bikin kwanan zaune ya san dare biyu ne a cikin ɗaya. Na farko daga faɗuwar rana zuwa sha biyu, akwai tsofaffi da sandunansu, akwai jarirai a keken turawa, akwai ɗalibin da bai taɓa shiga gidan tarihi ba sai yau da aka ce kyauta ne. Na biyun yana farawa bayan iyalai sun koma gida. A Toronto, inda ake daina sayar da barasa ƙarfe biyu, an sha bai wa wasu mashaya izinin kaiwa ƙarfe huɗu a daren bikin. A 2015 an yi hatsaniya a dandalin tsakiyar birnin, har aka jefi 'yan sanda da kwalabe. Ban ɗora laifin a kan ƙananan masu dafa giya ba, yawancin abokan cinikinsu a zaune suke sha su tashi lafiya. Amma hukumar da ta ƙara sa'o'in sha a daren da ta gayyato miliyan guda kan titi, ai ta sayi rariya, ta kuma san za ta zubar da ruwa.

Abin da ke riƙe da irin wannan dare ya bayyana ƙarara a birnin Roma. A daren 27 wayewar 28 ga Satumban 2003 birnin ya yi bikinsa na farko. Wajen ƙarfe uku da rabi na dare wutar lantarki ta ɗauke a kusan duk ƙasar Italiya, sanadin matsalar da ta faro daga layin da ke kawo wuta daga Suwizalan bayan ya taɓa bishiya. Jiragen ƙarƙashin ƙasa suka tsaya da mutane a ciki, ga ruwan sama kamar da bakin ƙwarya, jama'a da yawa suka ƙarasa daren a tashoshi da bakin titi. Ashe bikin a kan wuta da jirgi yake tsaye, da kuma mutanen da ke aiki da su: direba, ma'aikacin tasha, mai gadin gidan tarihi, ma'aikaciyar jinya, da masu sharar da ke shigowa da asuba su kwashe kofuna da fasassun kwalabe kafin gari ya waye. Ana cewa dare mahutar bawa, su kam ba sa ganin wannan hutu, kuma da wuya a ji an ambace su a jawabin magajin gari.

Wasu birane sun fara ɗaukar dare da muhimmanci. Amsterdam ta samu wanda ake kira magajin garin dare, Landan ta naɗa tata jami'ar a 2016, shekarar da wasu layukan jirgin ƙarƙashin ƙasa suka fara kwana suna aiki a ƙarshen mako, New York ta kafa ofishin kula da harkokin dare a 2017. Mataki ne mai kyau, muddin waɗannan ofisoshi ba su zama bakin masu mashaya kaɗai ba. Babban birni cike yake da mutanen da ba sa sha, wani saboda addini, wani saboda lafiya, wani kuma ya sha wahala kafin ya rabu da ita, kuma dukkansu suna biyan harajin da ake shirya bikin da shi. Suna da haƙƙin samun inda za su zauna ƙarfe ukun dare ba tare da an tilasta musu sayen komai ba, da ruwan sha, da makewayi mai tsabta, da motar da za ta mayar da mace ita kaɗai gida cikin aminci. Wasu daga masu dafa giyar ma sun lura da haka, shi ya sa giya marar barasa ta fara samun gurbi a allunansu.

Idan hukumar birni ta fitar da rahoton biki, ni dai ina so in ga mutum nawa ne suka shiga gidan tarihi karon farko, har ƙarfe nawa jirage suka yi aiki, mutum nawa aka kai asibiti, kuma nawa aka biya waɗanda suka share titi.

A nan za mu dakata, sai kuma wani lokacin.