Ya ce "na sake ki", to daga nan kuma sai me?

Assalamu alaikum jama'a, barkanmu da warhaka. Yau maganar saki za mu yi, kuma ina roƙon ku ku tsaya har ƙarshe, don abin da za mu taɓo babu gidan da bai shafa ba a garin nan, in bai faru gare ka ba ya faru ga ƙanwarka ko ɗiyar maƙwabcinka.

Bari in fara da abin da na gani da idona. Wata rana bayan isha'i, lokacin hunturu, ina tsaye bakin layinmu sai ga wata baiwar Allah ta fito da goyo a baya, tana jan wani yaro ɗan shekara kamar huɗu da hannu ɗaya, ɗayan hannun kuma jakar Ghana-must-go ce zip ɗinta ya lalace an ɗaure da igiya, tana neman ɗan kabu-kabu. A bakin zanenta ta ƙulle wata 'yar takarda da anka yago daga littafin makarantar yara, layi ɗaya ne a ciki, na sake ki saki ɗaya. Ba kwanan wata, ba shaida, ba sa hannu. Yaron ko takalmi ƙafa ɗaya gare shi. Wallahi har yau in na tuna sai zuciyata ta sosu, domin daren nan da anka fitar da ita, a shari'a ba ta da inda ya fi cancanta ta kwana irin ɗakin da ta baro.

Ku buɗe Suratu Ɗalaƙ, aya ta 1, ƙarara Allah Ya hana a fitar da matan da anka saka daga gidajensu, su ma Ya hana su fita, sai in an zo da alfasha bayyananna. Ku lura, gidajensu Ya ce. Wato matar da anka yi wa saki ɗaya ko biyu, iddarta a ɗakinta za ta yi ta, cinta da shanta da suturarta da maganinta duk suna kan maigida har ta gama, kuma in ɗayansu ya rasu cikin iddar nan ɗayan zai gaje shi, don igiyar ba ta gama tsinkewa ba. Amma mu me munka mayar da abin? Shi ya ce tattara naki ya naki, ita ta ce ko minti ɗaya ba na ƙarawa, inna kuma ta aiko a ɗauko mata ɗiyarta tun kafin dare ya yi. Kowa ya taru an taka aya, sannan a dawo ana mamakin yadda aure ke mutuwa kan abin da bai kai ya kawo ba. Zaman nan na idda ai shi ne damar da zuciya za ta huce, ya gan ta ta gan shi, ya ji kukan ɗansa da dare, sau da yawa kafin wata ya kama an yi kome ba wanda ya ji.

Ita iddar, a mazhabar Malikiyya da kotunanmu ke bi, tsarki uku ne ga mai ganin al'ada. Wadda ta daina gani wata 3. Mai ciki kuwa sai ta haihu, ko saura mako ɗaya ko saura wata takwas. Wadda anka saka ba a tare ba babu idda a kanta, kuma rabin sadakin da anka yanka nata ne.

To malam, kai mai igiya a hannu, zo mu yi magana. Sakin sunna shi ne ka saki ɗaya, cikin tsarkin da ba ka kusance ta ba. Abdullahi ɗan Umar ya saki matarsa tana haila, Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya yi umarni ya mayar da ita, hadisin na cikin Bukhari da Muslim, kuma a Malikiyya alƙali na iya tilasta ka ka mayar, sakin kuma an riga an ƙirga maka shi. Sannan wannan ɗabi'a ta saki uku a numfashi ɗaya, don Allah a bari. Mazhabobin nan huɗu duk uku suke ƙirga shi, su Ibnu Taimiyya ne sunka ce ɗaya ne, shi ya sa za ka ga mutum da safe ya yi ta yawo daga zauren wanga malami zuwa na wancan, ido jajir, yana neman wanda zai ce masa akwai gyara, alhali da ɗaya ya furta da ƙofa a buɗe take. Kuma kar wani ya ce ai a waya na tura, ko wasa nake. Rubutu da niyya saki ne, a takarda ko a WhatsApp, wasa da shi kuma daidai yake da gaske. Fushi ma ba ya ceton ka sai in ya kai hankali ya gushe ba ka san abin da kake faɗi ba.

In dai har ya zama dole, to a rubuta takarda ta mutunci, da suna, da kwanan wata, da adadin sakin, da shaidu biyu adilai. Wagga takarda ita ce za ta raba gardama ran da ya ce ɗaya na yi ta ce biyu ne, ita ce kuma waliyyi zai nema ran da wani ya fito neman aurenta.

Ke kuma 'yar uwa, in ke ce zaman ya ishe ki, akwai hanya biyu kuma mutane na yawan cakuɗa su. Akwai khul'i, wato ba ya cutar da ke, ke ce dai ba ki iya zaman, sai ki fanshi kanki, galibi da mayar da sadaki, kamar yadda matar Sabitu ɗan Ƙaisu ta mayar masa da gonarsa a zamanin Annabi. Akwai kuma raba aure saboda cuta, duka ne, ko zagi na wulaƙanci, ko ya bar ki ba ci ba sha, ko ya yi tafiya ya manta da ke. In kin tabbatar wa alƙali da cutar, da shaidu ko da abin da maƙwabta sunka sani, zai iya raba auren ba ki biya ko sisi ba. Abin da ke ƙona min rai shi ne namijin da zai ƙuntata wa mace da gangan, ya hana ta sakat, don ta gaji ta nemi khul'i, sannan ya zo kotu da dogon lissafi har da kuɗin zance da na goron sallah da kajin da ya saya ran suna. Malamanmu na Malikiyya sun ce in ta tabbata cuta ce ta sa ta fanshi kanta, sakin ya tabbata, kuɗinta kuma a mayar mata. Kuma tun kafin a kai nan, Suratun Nisa'i aya ta 35 ta ce a tashi mai sulhu ɗaya daga danginsa, ɗaya daga nata. Baffa da kawu masu hankali sun kashe wutar da lauya goma ba su kashe ta.

Kayan ɗaki, gado da katifa da kwanoni da iyayenta sunka kai ta da su, nata ne. Sadaki in an tare nata ne duka. Firij ko keken ɗinki da ta saya da kuɗin adashenta nata ne, sai dai a riƙa aje rasit, domin ranar rigima kowa mantuwa yake yi.

Yanzu ga inda hawaye ya fi zuba, 'ya'ya. Mun taso muna jin ana cewa ɗa na uba ne, da an yaye shi a kai shi gidan ubansa, wasu ma ranar sakin za a ɓanɓare yaro daga jikin uwarsa a miƙa wa kishiya ko kaka. Jama'a, nasaba ta uba ce, wannan ba gardama, amma riƙo, abin da littafi ke kira hadana, na uwa ne. Ku duba Risala ta Ibnu Abi Zaid, wadda ake karantawa a zaurukan Sakkwato tun zamanin su Shehu, namiji yana hannun uwarsa har ya balaga, mace har ta yi aure ta tare. In uwar ta auri wani bare ta tare, riƙon ba ya tsallakawa kai tsaye wurin uba, uwarta ce ke biye, wato kakar yaran ta wajen uwa, sannan innarsu 'yar uwar uwa, a haka ake bi. Sai fa in an tabbatar mai riƙon ba ta da amana ko lafiyar da za ta kula da su, nan alƙali zai duba abin da ya fi wa yaron.

Kuma duk inda yaran suke, ciyarwa na kan uba. Abinci, sutura, asibiti, makaranta, har ladan shayarwa in ta nema bayan aure ya ƙare, aya ta 6 a Suratu Ɗalaƙ ta faɗe shi. Babu wani in kina son in ciyar to ki kawo min su. Ke ma kuma ba ki da ikon hana shi ganin ɗiyansa ko ki riƙa zuba musu baƙin ubansu a kunne, shi ne waliyyinsu, shi zai duba karatunsu, shi zai aurar da ɗiyarsa. Na san yarinyar da ta kai aji shida ba ta san hanyar gidan kakanninta na wajen uba ba, ran da anka zo maganar aurenta sai da anka yi wata biyu ana bin dattawa kafin uban ya yarda ya zauna, ita kuwa tana ɗaki tana kuka kan faɗan da anka yi tun tana zanen goyo.

In magana ta ƙi ci ta ƙi cinyewa, kotun shari'a ta yankinku ita ce matakin farko, kuma mace na iya shigar da ƙara da kanta. Hukuncin bai gamsar ba, a ɗaukaka zuwa babbar kotun shari'a, daga nan Kotun Ɗaukaka Ƙara ta Shari'a ta jiha inda Grand Kadi, wato shugaban alƙalan kotun, yake, wadda sashe na 277 na tsarin mulkin 1999 ya ba ta hurumin aure da saki da riƙon yara da gado. Wanda ba shi da kuɗin lauya ya nemi ofishin Legal Aid, mata kuma akwai ƙungiyar lauyoyi mata ta FIDA. 'Yan uwanmu da sunka yi auren rajista kuwa tasu hanyar daban ce, dokar shari'ar aure ta shekarar 1970 ce ke aiki, babbar kotun jiha kaɗai ke raba auren, kuma in auren bai kai shekara 2 ba galibi sai an nemi izinin kotu kafin a shigar da ƙara.

Ranar zuwa kotu ki tafi da takardar sakin ko hoton saƙon wayar, kar ki goge shi don haushi, da takardun haihuwar yara, da rasit na makaranta da na asibiti, da mutum biyu da sunka san zamanku. In alƙali ya yanka kuɗin ciyarwa, ki roƙa a rubuta nawa ne, ran nawa ga wata, kuma ta hannun wa za a riƙa bayarwa, sannan ki karɓi kwafin hukuncin ki aje inda ruwa ba zai taɓa shi ba.

A bidiyo na gaba za mu zauna kan kome da auren kashe wuta. Sai mun haɗu, wassalamu alaikum.