Wakilin Manhaja Mai Jure Sauyi

Assalamu alaikum. Malamaina, ɗalibai da abokan sana'a, barkanmu da haɗuwa.

Abin da muke kira wakili a fagenmu manhaja ce da ake damƙa wa aiki ta je ta yi da kanta. Tana duba halin da ake ciki, ta yanke shawara, ta ɗauki mataki. Amma wanda ya ba ku aikin yau zai dawo gobe ya ce buƙata ta sauya, kuma da gaskiyarsa. Mutum 17 da suka taru a Snowbird ta jihar Utah a Amurka a 2001 suka shimfiɗa ƙa'idojin Agile, wato salon gina manhaja kaɗan-kaɗan ana gyara ta a hanya, sun ce a yi maraba da sauyin buƙata ko da aiki ya yi nisa. Faɗar hakan ba wuya. Ginin ne aiki.

Shawarata ita ce a raba buri da hanyar cimma shi. Ku ɗauki wakilin da ke sarrafa na'urar jigilar kaya a rumbun ajiya. In kun rubuta masa "bi layi na uku, juya dama, ajiye a ƙofa ta huɗu", ranar da aka toshe layi na uku sai ya tsaya cak. Amma in kun ba shi buri, wato kayan nan su isa ƙofa ta huɗu, sannan kuka tanadar masa tsare-tsare daban-daban, kowanne da sharaɗin amfani da shi, zai zaɓi wanda ya dace. Gobe aka ce kada a ɗora komai a kan kaya masu fashewa, sabon tsari guda kawai za ku ƙara, ba tare da taɓa sauran ba.

Wannan tunani na da asali. Masanin falsafa Michael Bratman ya yi bayanin niyya a 1987, sai Anand Rao da Michael Georgeff suka mayar da shi tsarin gina wakili a farkon shekarun 1990, wanda ake kira BDI, daga haruffan farko na sunayen sassansa uku a Turanci: abin da wakili ya ɗauka gaskiya ne, abin da yake so, da abin da ya ƙudura.

A kan ƙudurin nan nake so mu ɗan dakata, domin nan ake yawan tuntuɓe. Wakilin da ke sake shawara duk lokacin da wani abu ya motsa ba zai taɓa kammala aiki ba. Wanda kuma ya kafe a kan niyyarsa zai ci gaba da neman kayan da tuni aka kwashe. David Kinny da Georgeff sun gwada wannan a 1991, suka ga in yanayi na sauyawa a hankali, mai riƙe niyya ne ke yin gaba, in kuwa yana sauyawa da sauri, mai yawan waiwaye ya fi. Don haka yawan waiwayen ma kada ku kafe shi a cikin rubutun manhajar, ku bar shi abin saitawa.

Sai dai kada a wuce gona da iri. Tun 1972 David Parnas ya ce a zauna a lissafa abubuwan da ake zaton za su sauya, a killace kowanne a sashensa. Abin da ba shi da alamar sauyawa, ku rubuta shi kai tsaye, domin kowace ƙofar sauyi da kuka buɗe sai kun kula da ita, kun kuma gwada ta.

Gwajin ma ku ɗora shi a kan buri. Ku toshe layi, ku rage cajin batir, ku sauya ƙofa ana tsakiyar tafiya, sannan ku duba ko kayan sun isa lafiya.