Sarauniyar Lugu a majigi: fim ɗin da ba a ɗauka a Nijar ba

Jama'a, ko yaro a Yamai ya san sunan Sarauniya Mangu. Amma mu nawa ne muka taɓa zama muka kalli fim ɗinta?

Mu fara da abin da ya faru. A farkon 1899 wata rundunar Faransa ta kama hanyar tafkin Cadi daga bakin kogin Isa, ƙarƙashin wasu hafsoshi biyu, Voulet da Chanoine. Duk garin da ya hana su hatsi ko 'yan dako, wuta. A watan Afrilu suka iso Lugu, a ƙasar Arewa, wajen Dogon Dutsi. Nan Aznawa, masu bin addinin gargajiya, ƙarƙashin Sarauniya Mangu, suka tare su da kwari da baka, sannan suka ja cikin kurmi. Mutanen Birnin Ƙonni kuwa, a watan Mayu aka yi musu kisan gilla.

Marubuci Abdoulaye Mamani ya mayar da wannan tarihi littafi a 1980. Med Hondo, ɗan Muritaniya, ya yi fim da shi a 1986, mai suna "Sarraounia". To ga inda abin yake da ciwo: labarin namu ne, amma a Burkina Faso aka ɗauke shi, zamanin Thomas Sankara, kuma 'yar ƙasar, Aï Keïta, ita ta fito a matsayin Sarauniya. Shekara na zagayowa fim ɗin ya lashe babbar kyautar FESPACO, bikin fina-finan Afirka da ake yi a Wagadugu, wadda namu Oumarou Ganda ya fara ɗauka a 1972.

A ganina, ƙarfin fim ɗin ba a fagen daga yake ba, a bayan yaƙin yake. Med Hondo ya janye kyamara daga Sarauniya na dogon lokaci, har wasu masu kallo kan ƙosa, ya bi rundunar tana ruɓewa daga ciki. Ku duba su wa ke riƙe da bindigogin. Turawan 'yan ƙalilan ne, sauran duk baƙar fata ne da aka kwaso daga yamma, kuma fim ɗin bai ɓoye wannan ba.

Haka ma tarihi ya nuna. Da labarin ta'asar ya kai Paris, aka turo Kanar Klobb ya karɓe ragamar rundunar. Ranar 14 ga Yuli 1899 Voulet ya sa aka harbe shi a Dankori, kusa da Tasawa. Ba a yi mako ba, sojojin nan nasu suka juya bindiga suka kashe Chanoine, sannan Voulet.