Tafkuna biyar a gindin tsaunin Matterhorn

Assalamu alaikum jama'a, barkanmu da safiya daga Suwizalan. Ku yi haƙuri da hakin da kuke ji, mun haura mita 2,500 ne daga doron teku, iskar nan ba ta cika ƙirji. Sunan wurin Blauherd, daga nan hanyar tafkuna biyar ta saman garin Zermatt take farawa. Shi Zermatt motar fetur ba ta shigarsa, a Täsch ake ajiye ta a hau jirgin ƙasa. Daga Zermatt wani jirgin ya ratsa da mu ta cikin dutse zuwa Sunnegga, sannan muka shiga ɗan akwatin nan mai rataye a igiyar ƙarfe.

To ga na farko, Stellisee. Bari in sunkuyar da kyamarar. Kun gani? Matterhorn ne a sama, ga shi kuma a cikin ruwa kansa a ƙasa, har farin da ke kafaɗarsa ya fito tsaf. Tsarki ya tabbata ga Allah! Abin da ya sa na yi sammako ke nan, don da rana ta ɗaga iska za ta motsa ruwan, hoton ya wargaje. Tsayin tsaunin mita 4,478. A 1865 aka fara taka ƙololuwarsa, Edward Whymper ɗan Ingila da mutum shida, amma a saukowa igiya ta tsinke, huɗu suka rasu. Duk sanda na ɗaga kai sai na tuna su.

Mu gangara. Ƙararrawar da kuke ji ta tumaki ce, masu farin gashi da baƙar fuska, sun tare hanya ba su da niyyar matsawa. Grindjisee ƙarami ne, bishiyoyi da furanni sun kewaye shi. Grünsee kuwa kore, gefensa duk tsakuwa, wasu har sun faɗa wanka duk da sanyin.

Amma nan nake so mu daɗe, Moosjisee. Jama'a wucewa suke yi saboda ba ya nuna fuskar Matterhorn, kuma ɗan Adam ne ya tare shi don samar da lantarki. Ni kam ya fi shiga raina. Dubi launinsa, shuɗi-shuɗi fari-fari kamar an tsiyaya masa madara. Na ɗebo a tafin hannu, ku duba, ba ka ganin zanen hannunka sosai, yatsuna har sun fara sandarewa. Ruwan daga Findel yake zuwa, wata daskararriyar ƙanƙara da ke kwance can sama. Tana jan jiki a hankali tana niƙa dutsen da ke ƙarƙashinta, garin dutsen ne ke yawo a ruwan ya ba shi wannan launi. Abin da ke damuna shi ne ƙanƙarar tana ƙarewa. A 2022 da 2023 kaɗai, Suwizalan ta rasa kusan kashi 10 cikin 100 na irin wannan ƙanƙara. Ku kalli wancan gangaren mai launin toka, babu ko ciyawa a kansa, har nan ƙanƙarar take kaiwa a da. Wallahi ji a labarai daban, gani da ido daban.

Alhamdulillahi, ga Leisee, na ƙarshe, yara sai tsalle suke a ruwa. Tafiyar ba ta wuce kilomita 10 ba, yawancinta gangara ce, amma gwiwa tana ji a jikinta. Mai niyyar zuwa ya nemi takalmi mai riƙe ƙasa da rigar sanyi ko da bazara ce, ya kuma bi allunan nan masu ruwan ɗorawa, ba zai ɓata ba. Gobe in Allah ya kai mu za mu hau jirgin ƙasa zuwa tudun Gornergrat mu ga ƙanƙarar kusa da kusa. Sai mun haɗu.