Husufi, Lissafi da Tambayar da Ta Ɗaure Harshen Imamu Gazali

Jama'a masu sauraro, duk wanda ya tashi a garuruwanmu zai tuna daren da aka ce wata ya yi zazzaɓi, yara suka fito suna kaɗa gwangwanaye, manya kuma suka nufi masallaci domin sallar husufi. Yaron nan da ya kaɗa gwangwani shi ne yau yake zaune a ajin kimiyya, ana nuna masa cewa duniya ce ta shiga tsakanin rana da wata, inuwarta ta rufe shi, kuma ana iya faɗin ranar da abin zai sake faruwa tun da sauran shekaru. Haka aka yi da husufin rana na 29 ga Maris, 2006, wanda ya ratsa Gana da Nijeriya da Nijar: an sanar da lokacinsa, kuma bai saɓa ba. Sai ɗalibin ya koma gida da damuwar da yake jin nauyin faɗa wa kowa: idan lissafi ya bayyana wannan duka, ina matsayin abin da aka tarbiyyantar da shi a kai, kuma shi kansa domin me yake raye?

Wannan damuwa ta daɗe. Imamu Gazali, wanda aka haifa a Ɗus ta ƙasar Farisa a 1058, ya zama babban malami a makarantar Nizamiyya ta Bagadaza a 1091, ɗalibai kusan 300 suna zama a gabansa. A 1095, yana tsaka da wannan ɗaukaka, harshensa ya ɗaure. Ya ba da labari da kansa cewa yakan yi niyyar ba da darasi don ya faranta wa ɗalibansa, amma kalma ko ɗaya ta ƙi fita, abinci ya ƙi shiga, ko ruwa ba ya iya haɗiyewa da daɗi. Likitoci suka duba shi suka ce ciwon daga zuciya ya taso, kuma maganinsu ba zai kai can ba. Abin da ya same shi shi ne ya binciki niyyarsa, ya tarar suna da matsayi yake nema da karatun. Ga ilimi jingim, amma dalilin yin sa ya kuɓuce masa.

Abin lura a nan, wanda sau da yawa ake tsallakewa, shi ne mutumin da ya bar kujerarsa ya tafi Dimashƙa da Ƙudus da Makka neman tsarkin zuciya bai juya wa lissafi baya ba. Ya gargaɗi wanda daidaiton lissafi ya ruɗa har yake zaton duk abin da masu lissafi suka faɗa game da Ubangiji shi ma tabbatacce ne, alhali ƙwarewa a fage guda ba ta ba mutum hukunci a kowane fage. Amma ya fi tsanantawa ga masoyin addini marar sani, wanda yake ƙaryata bayanin husufi da sunan kare Musulunci. A ganinsa wannan ɓarna ce babba, domin wanda ya san hujjar lissafin ba zai yi shakkar lissafinsa ba, addinin zai yi wa shakka. Ya kuma kawo hadisin da ya nuna rana da wata ayoyi ne na Allah, ba sa husufi don mutuwar wani ko rayuwarsa, ya ce babu abin da ke cikinsa da ya hana sanin tafiyarsu.

A nan nake ganin muna zaluntar matasanmu. Akwai mai wa'azin da yake tsorata ɗalibi daga abin da na'ura ta nuna ƙarara, akwai kuma malamin jami'ar da yake ɗaukar tambayar ma'anar rayuwa a matsayin ci baya, ɗalibin kuwa yana tsakiya ana jan sa. Ɗalibar likitanci da ta tsaya kan gawa a ɗakin koyon sassan jiki za ta iya ambata sunan kowace jijiya, kuma wajibi ne ta iya, domin rayukan mutane za su rataya a kan wannan sanin. To amma abin da zai tashe ta ƙarfe uku na dare ta je wurin majinyacin da ba shi da ko sisi, ta yi masa magana cikin mutunci, ba a ganinsa a ƙarƙashin madubin likita. Tana buƙatar duka biyun, kuma magabatanmu sun san haka, domin Muhammadu al-Kashnawi, ɗan Katsinan da ya rasu a Alƙahira a 1741, malamin addini ne kuma masanin lissafi da taurari.

Shi kuwa Gazali, bayan kimanin shekara goma yana nesa da manyan makarantu, ya koma koyarwa a Naisabur a 1106. Aikin da ya bari shi ya komawa, sai dai ya ce a da ilimin da ake samun matsayi da shi yake yaɗawa, yanzu kuwa ilimin da ke sa a bar son matsayi yake kira zuwa gare shi. Ya rasu a garinsu Ɗus a 1111.